Ranar da Dandamalina Ya Rufta da Surukina

Akwai kunyar da mutum yake sha, bayan shekara guda ya dawo yana ba da labarinta ana dariya. Tawa ba ta kai ga haka ba har yau. Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin wata Litinin ba, a bayan gidanmu na Al Muntazah, lokacin da duniya ta taru a Doha kallon ƙwallo, ni kuma na tara mutum goma sha ɗaya a kan abin da na gina da hannuna.

Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wani asibiti. Aikina jini da majina da fitsari, in zuba a kwalba, in saka a na'ura, in rubuta sakamako. Kafin shekarar annoba, babban aikin kafintan da na taɓa yi a duniya shi ne kafa ƙusar agogon bango (shi ma agogon a karkace ya zauna). Muna haya a ƙasan wani tsohon gida da aka raba huɗu. Rabonmu ɗaki biyu da falo da kicin, sai wani ɗan fili a baya wanda bai fi taku bakwai ba, rairayi da tsakuwa, ga bututun na'urar sanyaya ɗakin maƙwabtanmu na sama yana ɗiga a gefe guda ba ya hutawa. Ƙofar kicin ɗin tana sama da filin, sai ka sauka matakala huɗu.

Gab da a rufe gari, matata Rukayya ta tafi Zariya da 'yarmu Aisha bikin ƙanwarta, a kan za su yi wata ɗaya. Aka dakatar da jirage. Wata ɗaya ya zama takwas. A cikin watannin nan ne Hajiyarmu ta rasu a Kano. Kwana uku ta yi tana zazzaɓi, ran na huɗu aka kira ni. Ƙanena ne ya ɗaga mini waya a maƙabarta, na kalli yadda ake binne mahaifiyata a fuskar waya mai tsayawa tana katsewa, ina zaune a bakin gado da rigar aiki a jikina. Washegari na koma ɗakin gwaji, domin babu hutun da za a ba kowa a lokacin.

Bayan nan zaman gidan ya gagare ni. In na dawo aiki ba mai yi mini sannu da zuwa, masallatai a rufe, ba inda za ka je ka zauna da mutane su yi maka ta'aziyya. Sai na kama kallon bidiyo a waya, kowane iri. A nan na ci karo da wani Bature mai gemu da gajeren wando yana gina dandamalin katako a bayan gidansa, irin wanda ake fitowa daga ɗaki a taka kai tsaye, a sa kujeru a sha iska. Cikin minti goma sha biyu ya gama, yana murmushi. Na kalla sau biyar. Na buɗe ƙofar kicin na dubi filin nan namu, na ce a raina, wannan ai ba wani abu ba ne.

Katako na samo a kasuwar tsofaffin kaya ta Najma, irin wanda ake ɗora kaya a kai a sito, wani mai a-kori-kura ya kawo mini har ƙofa. Ba ni da zarto, ba ni da guduma ta kirki. Sai na tuna da Masta Isiyaka.

Masta Isiyaka mutumin Zangon Kumasi ne a ƙasar Gana, kafinta, ya haura shekara hamsin, siriri, mai furfura a gemu. Aikinsa haɗa katakon da ake zuba kankare a ciki a manyan gine-gine. A masallacin Juma'a muka saba, daga nan mukan wuce wani ɗan gidan abinci a Najma mu ci wake da shinkafa irin na Gana. Na kira shi na ce ya ara mini kayan aiki, zan aiko a karɓa. Ya ce ba sai na aiko ba. Jirgin ƙasa ba ya aiki a lokacin, da ƙafa ya tako daga Najma cikin rana, da zarto da guduma a cikin buhu.

Ban buɗe masa ƙofar duka ba. Na san su takwas ne a ɗakinsu, na kuma san abin da nake gani kullum a kwalaben gwaji. Ya tsaya a waje da takunkumi a fuska, ya leƙa ta gefen gida ya hango tulin katakon.

"Masa, me za ka yi da wannan?" ya tambaye ni. (Duk wanda ya gani "masa" yake ce masa, wato maigida. Kuma Hausarsu ta Zango ba ta raba mace da namiji, mota ma "ya zo" suke cewa.)

Na nuna masa bidiyon daga nesa. Ya kalla har ƙarshe.

"An tsayar da aikin mu," ya ce. "Ina zaune kawai a ɗaki. Bari in yi maka shi, kwana uku ya isa. Kai ka zauna ciki, ni ina waje, ba za mu haɗu ba."

Yanzu na san abin da yake faɗa mini ke nan. Mutum ne mai iyali a gida, wanda aka tsayar wa aiki, yana neman abin yi ba tare da ya roƙa ba. A lokacin kuwa abin da na ji kawai shi ne ana son a ƙwace mini abin da zai hana ni tunani. Na ce masa na gode, ina son in yi da kaina.

Ya gyaɗa kai. Ya ce to in saurare shi. Kada in binne ƙafafun dandamalin a cikin rairayi, in ɗora su a kan bulo. In kawar da bututun da yake ɗiga, domin inda ƙasa take da laima nan gara take zuwa. Wannan katakon ba a yi masa magani ba, in shafe shi kafin in kafa. Kuma inda nauyi zai zauna, noti ake ɗaurawa, ƙusa ba ta riƙewa.

Na ce, "Masta, mutumin bidiyon bai yi duk wannan ba."

"Mutumin bidiyo ya san Doha?" ya ce.

Na yi dariya. Na miƙa masa gorar ruwa ta tsakanin ƙofa, ya karɓa, ya juya ya kama hanyar Najma. Cikin abubuwa huɗun da ya faɗa, ko ɗaya ban yi ba. Ba wai na manta ba ne. Bulo nauyi gare shi, noti sai an huda katako, ni kuma sauri nake.

Mako shida na yi ina fama. Da tef ɗin ɗinkin Rukayya nake awo. Na yanka katako ya gajarce, na sake yankawa ya ƙara gajarcewa. Na doke babban yatsana da guduma har farcen ya yi baƙi ya fita. Zafin Doha kuwa wanda bai sani ba ba zai gane ba, ƙarfe bakwai na safe guduma ta riga ta yi zafin da ba ka son taɓa ta. Amma a kwanakin nan ne na fara samun barci. Ranar da na kafa katako na ƙarshe, na shafe shi da fenti ruwan ƙasa, na shimfiɗa koren kafet a kai, na fito daga kicin na taka shi ba tare da na sauka matakala ba. Tsayinsa daga ƙasa ya kai ƙuguna. Na zauna a tsakiyarsa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ina faɗin wannan ne don a san ba wauta ce kaɗai ta gina abin nan ba, ko da yake ita ce babbar ma'aikaciya.

Yana ɗan rawa in an taka. Na ninke kwali na cusa ƙarƙashin wata ƙafa, rawar ta ragu.

Da Rukayya ta dawo, ta tsaya a bakin ƙofar kicin ta dube shi.

"Kai ka yi wannan?"

Na ce ni ne. Ta taka a hankali, ta je tsakiya ta tsaya.

"Abban Aisha, yana motsi fa."

Na ce mata haka katako yake, numfashi yake yi (a bidiyo na ji wannan). Ba ta yi musu ba, ta san halin da na gina shi a ciki. Amma na lura ba ta barin Aisha ta yi tsalle a kai, kuma in za ta shanya kaya ta gefe take bi.

Shekara biyu suka wuce. Ba zan ce ban ga alama ba. Nakan ga wani gari-gari kamar tsaki a ƙarƙashi, in share. Katakon da yake kusa da bututu ya fara lotsawa in an taka, na samo wani na kafa a kansa. Kafet ya rufe komai, ni ma na bar shi ya rufe.

Sai gasar cin kofin duniya ta zo, aka buɗe ƙasa ga masu kallo. Muka ga dama ta samu mu kawo mahaifin Rukayya. Baba tsohon hedimasta ne, ya haura saba'in, mutum mai tsabta da ƙarancin magana, wanda ya yi rayuwarsa yana bin ƙwallo a rediyo. Ban da aikin Hajji bai taɓa fita waje ba. Muka samar masa tikitin wasa guda, ya sa shi cikin jakar fasfo yana dubawa safe da yamma. Tsakanina da shi kuwa kunya ce irin ta gida. Shekara goma sha biyu da aurena ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa zama a kujera yana wurin ba sai ya ce in zauna sau biyu. "Malam" yake ce mini. Bai taɓa nuna mini ƙi ba, amma kullum ina jin kamar ɗalibin da yake jiran a dawo masa da takardar jarrabawa.

Safiyarsa ta farko, ya fito da kofin shayi ya zauna a kan dandamalin. Sanyi ya fara shigowa, iska tana kaɗawa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Wa ya yi muku wannan wurin?" ya ce.

"Ni ne, Baba. Da hannuna."

Ya shafa katakon da yake gefen kujerarsa. "Madalla, Malam. Ashe kana da sana'a a hannu."

Wannan magana ita ta ƙarasa ni. Kafin azahar na yanke shawarar zan tara mutane su kalli wasan Gana a bayan gidana, don a ga Baba a zaune a kan aikin surukinsa. Na gayyaci abokan aikina. Na gayyaci Sista Rifkatu, nas ce 'yar Filato da take zaune a samanmu, ita da mijinta. Na kira Masta Isiyaka na ce ya zo da 'yan ɗakinsu, tunda ƙasarsu ce take wasa, kuma su ne suka hana Najeriya zuwa, sai su zo mu ga abin da za su taɓuka. Rukayya ta yi dambun shinkafa da soyayyen nama. Na fito da talabijin na ɗora a kan tebur jikin katanga, a ƙasa, yana fuskantar dandamalin.

Masta ya riga kowa zuwa. Rabonsa da gidan tun ranar da ya kawo zarto, wanda har lokacin ban mayar masa ba. Ya gaida Baba da ladabi, sannan ya sauka ya zagaya. Na gan shi ya tsuguna ya ɗaga gefen kafet. Ya ciro makullin ɗakinsu daga aljihu ya danna a jikin wata ƙafar dandamalin. Makullin ya shige har rabi, kamar an soka shi a burodi.

Ya yafito ni gefe, ya rage murya.

"Masa, kada ka ɗora mutane a nan. Cikin shi ya mutu duka."

"Haba Masta, shekara biyu muna zama a kai."

"Ku nawa kuke zama?"

"Mu biyu, wani lokaci uku."

"Yau ku nawa?"

Na waiga. Baba ya riga ya zauna a kujerar tsakiya, ya gyara babbar rigarsa, an ajiye masa filas ɗin shayi. Ana ta sallama a ƙofa. In zan bi maganar Masta, sai in je in ce wa surukina ya tashi, domin abin da ya yaba jiya ruɓaɓɓe ne. Na auna wannan kunyar na ga ba zan iya ɗaukarta ba. Na ce wa Masta a bari a gama wasan, gobe sai ya zo mu duba.

Ya ɗauki kujerar roba ya kai ta kan rairayi ya zauna. Ya yi wa 'yan ɗakinsu magana, biyu suka bi shi, ɗaya ya ce daga sama aka fi gani.

Da ma a nan na tsaya. Amma kafin a take wasa, wani abokin aikina ya ce wurin ya yi kyau, sai na miƙe na yi jawabi. Na ba da labarin mako shida, na nuna yatsan da farcensa ya fita, na ce duk wanda yake so in koya masa ya zo. Na rufe da cewa, "Ko kafinta ban kira ba." Masta yana zaune taku uku daga inda nake, yana kallon talabijin da ake tallar lemo a ciki.

Aka fara wasa. Ban san minti nawa aka yi ba, Gana ta jefa ƙwallo a raga. Mutum goma sha ɗaya suka miƙe lokaci guda, har da mu 'yan Najeriya da muka zo yi musu dariya. Baba ma ya miƙe, ya ɗaga hannu ɗaya, fuskarsa cike da murna irin wadda ban taɓa gani a wurinsa ba.

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an taka busasshen kara ne. Ɓangaren da yake wajen bututu ya nutse, dandamalin ya karkace, muka zube gaba ɗaya, mutane da kujeru da tiren dambu da filas. Ni a kan mijin Sista Rifkatu na faɗa, ko ƙwarzane ban yi ba. Mutane suka fara tashi suna kakkaɓe jiki, wani har ya soma dariya. Sai dariyar ta tsaya.

Baba bai tashi ba. Ƙafarsa ta dama ta shige tsakanin katako biyu har gwiwa, wani ƙaton abokin aikina ya faɗa masa a kai, ƙafar ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa. Hularsa ta faɗi can gefe. Rigarsa ta yaye. Gefen fuskarsa yana cikin jiƙaƙƙen rairayin nan, shinkafa a gemunsa. Bai yi ihu ba, salati kawai yake yi a hankali. Mai sharhi a talabijin yana ta ɓaɓatu.

Rukayya ta fito daga kicin da gudu, saura kaɗan ta taka inda babu komai, ta riƙe ƙofa. Ta ga mahaifinta. Ta dube ni.

Wani da ya zo a makare, wanda bai ji jawabina ba, ya ce, "Wane irin aikin banza ne wannan? Wa ya yi shi?"

Sai na ji bakina yana cewa, "Wallahi kafintan ne ya cuce ni."

Na sha tambayar kaina daga ina maganar ta fito. Ban shirya ta ba. Amma ba zan ce ba tawa ba ce, da muryata ta fito, har da rantsuwa. Kafinta ɗaya ne a wurin, kowa ya san shi. Idanu suka koma kan Masta Isiyaka. Wanda ya zo a makaren ya nuna shi da yatsa ya ce, "Kai ne? Ka ji tsoron Allah, ka ga abin da ka jawo wa dattijo?"

Daga ƙasa, cikin muryar da ba ta ɗaga ba, Baba ya ce, "Malam, ba kai ka ce mini da hannunka ka yi ba?"

Na tsaya da hannuwa a sake, ina kallon rairayi.

Masta bai dube ni ba. Ya cire rigarsa ta sama ya rufe wa Baba cinya. Ya ce, "A kawo zarto na." Na ruga na ɗauko, wannan ne kaɗai amfanin da na yi a ranar. Sista Rifkatu ta durƙusa ta riƙe ƙafar da hannu biyu, ta ce kada kowa ya ja shi. Masta ya yanke katakon da ya danne ƙafar, a hankali, yana yi yana ce wa Baba, "Sannu Alhaji, saura kaɗan." Da ƙafar ta fita, Sista ta ce a samo mata katako biyu masu ƙwari a ɗaure ta kafin motar asibiti ta zo. Masta ya shiga ɗaga guntayen dandamalina ɗaya bayan ɗaya yana matsawa da yatsa, suna marmashewa, gara tana zubowa. Sai a na bakwai ko na takwas ya samu masu kyau. Duk a gaban mutane.

An rufe wasu tituna saboda wasa, motar ta ɗan jima kafin ta iso. Har aka sa Baba a ciki Rukayya ba ta ce mini kalma ɗaya ba. Masta ya sa zartonsa a hammata ya fita, ba sallama.

Ƙashin ya karye wuri biyu, sai da aka sa ƙarfe. Wasan da Baba ya zo dominsa a gadon asibiti ya gan shi, tikitin yana cikin jakar fasfo. Da aka sallame shi, mako bakwai ya yi kwance a falonmu. Akwai abin da 'ya mace ba za ta yi wa mahaifinta ba, don haka ni nake ɗaga shi zuwa banɗaki, ni nake yi masa wanka, ni nake sa masa wando. Mutumin da ban taɓa tauna abinci a gabansa ba. Yakan kawar da kai gefe, ni ma in kawar, mu gama ba mu haɗa ido ba. In na zaunar da shi sai ya ce, "Sannu Malam, Allah ya yi albarka." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Bai taɓa ta da zancen dandamalin ba. Sau ɗaya kawai, ina goge masa ƙafa, ya ce, "Ka je wurin bawan Allahn nan?"

Na ce tukuna, ina dai shiri.

"Ƙafata ko ta warke ko ba ta warke ba, wannan na Allah ne," ya ce. "Wancan kuwa naka ne."

Ran Juma'a na hau jirgin ƙasa, na sauya a Mushairib, na sauka Najma. An gama gasa, an fara kwance tutoci. Na tarar da Masta a ɗakinsu, tsakanin gadaje masu hawa biyu, yana ɗaure jaka da igiya. Aikin kamfaninsu ya ƙare, kafil ɗinsu, wato wanda ya tsaya musu a kan izinin zama a ƙasar, ya soke takardunsu, saura kwana huɗu ya tafi. Da na ƙara mako guda ina "shiri" da ban same shi ba.

Na gaishe shi, ya amsa. Na ce na zo ba da haƙuri, na fara jero bayani, cewa na ruɗe ne, cewa ban san lokacin da maganar ta fita ba. Ya bar ni har na gaji.

"Masa," ya ce, "abu ya faɗi, wannan ba komai. Kowane kafinta ya taɓa yin abu ya faɗi. Amma shekara talatin ina wannan aiki. Ba ni da gida a Kumasi, ba ni da mota. Suna na kawai nake da shi. Shi ka ɗauka ka rufe kan ka da shi."

Na ce haka ne.

Ya ci gaba da ɗaure jakarsa. Can ya tambaye ni jikin Alhaji, na faɗa masa. Ya ce in gaishe shi. Sannan ya ce, "Khalas, ya wuce, na yafe. Ka cire sauran katakon?"

Na ce ban iya ko leƙa wurin ba.

"Yalla, mu je. Kafin yarinyan ka ya taka ƙusa."

Muka dawo tare. Aikin da na yi mako shida ina yi, bai cika awa guda yana kwance shi ba, yawancinsa da hannu kawai yake ja ya fito. Ni na riƙe bakin buhun shara. Da ya gama ya shiga falo ya gaida Baba, suka daɗe suna hirar wasan da ba su ƙarasa gani ba. Rukayya ta kawo masa abinci da kanta, a kwanon da take ajiyewa don manyan baƙi. A ranar ne ta fara yi mini magana fiye da "abinci yana kicin".

Baba ya koma Zariya da sanda, kuma da ita yake tafiya har yau. Ba ya iya durƙusawa, a kujera yake salla. Na ji an ce in mutane suka tambaye shi abin da ya same shi, sai ya ce faɗuwa ya yi a Doha, ya ja bakinsa ya yi shiru. Dangin matata suna ta yaba mini yadda na yi jinyarsa. Duk wanda ya yabe ni sai in zaunar da shi in ba shi labarin tun daga farko, har da rantsuwar, shi ya sa yanzu ba su cika yabona ba.

Filin bayan gidanmu ya koma rairayi da tsakuwa. In wani abu ya lalace a gidan, ko famfo ne, nakan kira mai sana'ar, in ba shi wuri, in yi shiru (shirun ne ya fi ba ni wahala). Kuma na koyi cewa in an tambaye ni wa ya yi abu, in tsaya tukuna in yi tunani kafin in ce ni ne, domin duk amsar da na bayar ranar yabo, ita za a nema a bakina ranar da abin ya rufta.